Da Bak a Hannuna Na Zaɓi Ajin Ƙanana

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a karo na biyu ke nan, babana ya riga ya gama zaɓar mini aiki. Tela ne, shagonsa na bakin kasuwar Tawa, kuma duk wanda ya zo a auna shi a wannan watan sai ya ji cewa ɗiyar tela za ta yi aikin likita. Ni ban taɓa cewa ina so ba, ban kuma ce ba na so ba. Abin da na sani kawai shi ne ba na iya kallon jini. Ko kaza aka zo yankawa a gida, ɗaki nake shigewa. Amma ban ga fuskar gaya wa baba haka ba.

Na zauna jarrabawar shiga makarantar ma'aikatan lafiya, sunana bai fito ba. Baba ya ce ba komai, in jira baɗi. Haka na koma zaman gida, daga shara sai wanke-wanke, ƙawayena kuwa wasu sun tafi Yamai, wasu sun shiga jami'a nan cikin gari.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwar malama da ta yi ritaya, duk unguwa Madam muke ce mata. Ita ta koyar da yayyena maza a lakwal, wato makarantar boko. Bayan ta bar aikin gwamnati sai ta kafa rumfa biyu a tsakar gidanta, ta shimfiɗa tabarmi, ta buɗe makarantar ƙananan yara, wadda muke kira jardan. Wata safiya ta shigo gidanmu, suka gaisa da inna, ta ce matar da ke taya ta aiki ta haihu, tana son a ba ta arona kwana arba'in.

Inna ta ce, "Madam, ai ɗiyarki ce. Ki dai bari in gaya wa mai gida."

Baba ya yarda nan take. A ganinsa ya fi zaman banza, kuma kwana arba'in ba wani abu ba ne.

Ranar farko na ci ado, na ɗauki alli, na tsaya gaban allo na rubuta a, i, o manya-manya. Yaran sun kai talatin, daga ƴan shekara uku zuwa biyar. Na daka musu tsawa da Faransanci in ce su yi shiru, kamar yadda aka riƙa yi mana. Kafin in juyo daga allo ɗaya ta jiƙa tabarma, biyu suna kokawa kan takalmi ɗaya, wani yana ƙoƙarin leƙa cikin randa, wata kuma ta buɗe baki tana kiran uwarta har muryarta ta dushe. Na hango wata ƴar tsumagiya gefen danga na ɗauko. Ban kai ga ɗaga ta ba Madam ta zo ta zare ta daga hannuna, ta jefa bisa rumfa. Ta zauna kan tabarma ta fara tafi tana wata waƙa ta wanke hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka kewaye ta, har mai kukan.

Da aka tashi yara, ta kira ni inuwa ta ba ni ruwa.

"Ɗiyata, shekararki nawa kinka fara riƙe alli?"

Na ce bakwai.

"To waɗanga ukku ne da huɗu. Yatsunsu ba su yi ƙwari ba tukuna. Kuma kin tsaya bisa kansu kamar soja, gwiwoyinki kawai suke gani. Gobe ki zo da tsohon zane, ki zauna ƙasa, su ga fuskarki."

Na ji kunya ƙwarai, har na yi niyyar in ce wa inna ba zan koma ba. Amma na koma, da tsohon zanen.

Abin da na gani a makonnin da suka biyo baya ya ba ni mamaki. Mai wucewa zai ce wasa kawai ake yi a gidan. Yara suna tsince wake daga cikin tsakuwa, suna zura murafan kwalba a zare, suna yayyaga tsohuwar takarda, suna tsalle cikin zobe da aka zana a ƙasa. Amma duk abin da Madam ta sa su, tana da dalilinsa. Tsintar wake tana horar da yatsun da za su riƙe alƙalami. Layin wanke hannu yana koya wa yaro jiran lokacinsa. Tatsuniyar da take katsewa a tsakiya ta ce, "To, mi kuke gani za ya faru?" ita ke sa yaro ya yi tunani kafin ya yi magana. Tana da littafi da take rubuta abin da ta lura da shi game da kowane yaro: wannan yana kusantar da abu ga idonsa, a gaya wa uwarsa ta kai shi a duba, wannan da hagu take aiki, kada a hana ta.

Kwana arba'in suka cika, mai jego ta dawo bakin aikinta, ni kuma ban daina zuwa ba. Ba wanda ya ce in zo. Da safe kawai sai in ga ƙafata ta nufi can.

Wata rana bayan la'asar muna gyaran tabarmi, Madam ta ce, "Ke, aikin ga kike so ko zaman gida kike gudu?"

Na ce, "Ina sonsa, Madam. Amma ina za ya kai ni? Mutane cewa suke raino ne."

Ta yi dariya ta ajiye tabarmar. Ta ce aikin yana da matakala, mutane ne ba su sani ba. Da farko in zauna jarrabawar shiga ekol normal, makarantar horar da malamai. Ana ɗaukar masu BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, ana ɗaukar masu bak, kowa da matsayin da zai fito da shi, kuma da bak ɗina zan fara daga sama. Idan na fito, in nemi a ba ni horo na musamman kan ƙananan yara, in yi aiki ƴan shekaru. Daga nan hanya ta rabu. In na so, in shiga jami'a in yi lisans, wato digiri na farko, a fannin ilimin koyarwa, har in wuce gaba. In na so, in nemi babbar makarantar malamai a Yamai, in fito mai ba malamai shawara ko mai duba makarantu. In kuma na fi son zaman kaina, in buɗe tawa kamar yadda ta yi, amma da takarda a hannu.

"Ni a zamanina ba mu samu rabin wannan ba," in ji ta. "Abin da na sani, yara sunka koya mini shi. Ke kina iya haɗa biyun."

Inna na fara gaya wa, ita ta kai wa baba. Washegari da safe ya kira ni zaure kafin ya fita.

"Shekara goma sha ukku kina lakwal, da wadda kinka maimaita sha huɗu, don ki ƙare da sharar majina? Raino ai kakarki ta yi shi, ba ta san baƙi ko ɗaya ba."

Bai ɗaga murya ba, baba ba mai faɗa ba ne. Ya dai daina labarina a shago. Yayana ne ya gaya mini, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ya zage ni.

Ban sani ba ko da gangan Madam ta yi abin da ta yi bayan haka, ban taɓa tambayarta ba. Ta aika wa baba cewa tana son a ɗinka wa yaranta riguna iri ɗaya, kuma tunda ba za ta iya kwasar yara talatin zuwa kasuwa ba, sai dai ya zo da kansa ya auna. Ya zo da hantsi, abin awo rataye a wuyansa, fuska a ɗaure. Madam ta ce ƙafa ke mata ciwo, ta koma gefe ta bar ni da su. Na ce su gaida baƙo, suka gaishe shi. Na ce su jeru daga gajere zuwa dogo, suka yi ta gwada kafaɗa suna gardama har suka jeru da kansu. Baba ya durƙusa ya fara awo. Da ya zo kan wata yarinya ƴar shekara biyar, sai ta kama bakin abin awon ta ce, "Baba, wannan huɗu ne. Wannan biyar. Wannan ban san shi ba, ba a kai mu nan ba."

Ya ce, "Takwas ne. Ɗiyar wa ce ke?"

Ɗiyar mai tuyar ƙosai ce ta bakin masallaci, gidan da ba wanda ya taɓa shiga aji. Baba ya gama awonsa ya tafi, bai dube ni ba. Sai bayan kwana uku, ina zuba masa ruwan alwala, ya ce, "In za ki yi shi, ba ni son rabi. Ki tahi har inda karatun ya ƙare."

Na ci jarrabawar, na shiga ekol normal. A can na sami sunayen abubuwan da na riga na gani da idona a gidan Madam: yadda harshen yaro ke buɗewa, abin da ɗan shekara uku zai iya da abin da ba zai iya ba ko an doke shi, alamun yaron da ba ya ji sosai ko ba ya samun isasshen abinci. Yawancin ƴan ajinmu manyan azuzuwa suke so, don a nan ake ganin girman malami. Ranar da aka tambayi masu son ƙanana, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wadda ke zaune kusa da ni ta ja mini mayafi ta ce ko na rasa hankalina ne.

Da na gama, aka tura ni wani ƙauye gaba da Takanamat. A bayan motar kasuwa na tafi, bisa buhunan gero, da katifata da ƴar tukunya. Daraktan lakwal ɗin garin, wani dattijo mai haƙuri, ya nuna mini ajina: rumfar zana da kara a gefen fili, ba allo, ba ko tabarma. Ranar ɗaukar suna yara bakwai aka kawo, uku daga ciki na daraktan ne da na maƙwabcinsa.

Na yi mako biyu ina jiran ƙari, ba wanda ya zo. A garin mazan kusan duk sun tafi cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya. Mata ne ke riƙe da gidaje, ga daka, ga itace, ga rijiya mai zurfi da nisa. Na lura kuma a azuzuwan darakta wuraren ƴan mata duk babu kowa. Suna gida, kowace da ƙane ko ƙanwa a bayanta. Sai na daina zaman rumfa, na riƙa bin mata wurin daka. Na karɓi taɓarya na taya su, suka yi ta dariyar yadda ƴar birni ke daka. Da muka saba na ce musu, "Ku ba ni ƙananan da safe, ku tafi rijiya hankali kwance, yayyensu kuma su koma aji."

Suka dubi wata tsohuwa da ke zaune tana bakace. Ita ce ungozomar garin, kusan duk yaran nan a hannunta suka faɗo, kuma ba a yanke magana sai da ita. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ko haihuwa ba ki yi ba, za ki riƙe ɗiyan mutane?"

Na ce, "Gaskiya ne, Iya. To ki zo ki zauna ki gani. In na yi kuskure ki gyara mini."

Ta zo washegari da ƴar kujerarta, da jikokinta biyu. Ta zauna har aka tashi, ba ta yi magana ba sai sau ɗaya, da ta ce in matsar da randa daga rana. Kashegari ta sake zuwa, mata huɗu na biye da ita da yaransu. Kafin wata ya ƙare rumfar ta yi mana kaɗan. Tsohuwar nan ba ta daina zuwa ba duk shekarun da na yi a garin. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, ita ta ɗauki kanta. Tatsuniyoyinta sun fi nawa daɗi nesa ba kusa ba, ni kuma na nuna mata dabarar tsayawa a tsakiya a tambayi yara.

Kayan wasa ba mu da su, sai muka yi namu. Yara suka riƙa gina shanu da raƙuma da laka, mu shanya su a rana, mu ƙirga ƙafafunsu. Ƙwallon goriba ya zama abin lissafi, kara ya zama mota da gida, yashi ya zama allo.

A cikin yaran akwai wata yarinya, ɗiyar makiyaya da suka sauka arewa da gari. Mako uku tana zuwa, ba ta taɓa furta kalma ba. Takan tsaya jikin ginshiƙin rumfa ta riƙe shi, ta yi ta kallonmu. Na tuna abin da aka koya mana, na zagaya bayanta na tafa hannu, ta juyo firgigit. Tsohuwa ta kwashe da dariya.

"Kunnenta lahiya lau. Bakinki ne ba ta ji. Tamashak suke yi a gidansu."

Kunya ta kama ni, da duk karatuna ban yi wannan tunanin ba. Na roƙi tsohuwa ta koya mini kalmomi kaɗan, don ita ta iya. Washegari lokacin shan ruwa na ɗebo a moɗa, na durƙusa gaban yarinyar na ce, "Aman?" Wato ruwa, ashe ban faɗe shi daidai ba. Ta dube ni, ta rufe baki da hannu tana dariya, sannan ta faɗe shi yadda ake faɗa, a hankali, kamar ita ce malamar. Na maimaita, ta gyaɗa kai, ta karɓi moɗar. Daga ranar muka shigo da sabon wasa: duk abin da muka ɗauka sai mun nemo sunansa da Hausa, da Tamashak, da Faransanci. Ita ce mai hukunci a nata harshen, kuma ba ta da sassauci. Da ruwan farko ya sauka iyayenta suka tashi da dabbobinsu. Na ɗauka shi ke nan, amma bayan kaka suka dawo, ta zo riƙe da hannun ƙanenta.

A hutun damina na shekara ta biyu iska ta kwashe rumfarmu. Da na dawo na tarar da fili fetal, sai ginshiƙi ɗaya a tsaye. Na zauna a gindinsa na rasa ta inda zan fara. Darakta ya zo ya ce in biyo shi bayan gari. A can bakin tafki na ga tubali jere a rana, layi-layi. Matan ne suka buga shi tsakanin aikin girbi da na gida. Mazan da suka dawo noma suka yi ginin kafin su sake tafiya. Ɗaki ɗaya ne, da taga biyu, amma ban taɓa shiga ginin da ya faranta mini rai kamarsa ba.

Shekara huɗu na yi a can. Da na yi aure aka maido ni Tawa, na shiga jami'a ina aiki. Da safe ina tare da yara, da rana ina ɗaukar darasi, wani lokaci da goyo a bayana. Karatun shekara uku ya ɗauke ni huɗu, don darasin ƙididdiga ya kayar da ni sau ɗaya, shekarar da na haifi ɗana na fari. A wannan lokacin na so in bari. Mijina, wanda ke gyaran babura, shi ya ce in na bari yanzu zan yi ta jin haushin kaina, ya riƙa kai ni yana ɗauko ni. Binciken da na rubuta na ƙarshe a kan harshen gida ne a ajin ƙanana, kuma rabin abin da ke ciki daga ƙauyen nan na samo shi. Ranar da na kare shi gaban malamai, baba ya rufe shago ya zo ya zauna a layin baya da babbar rigarsa. Bai ji Faransancin ba, amma ya zauna har ƙarshe.

Mu ƴan kaɗan ɗin da muka ɗaga hannu a ekol normal, kowa da inda aikin ya kai shi. Ɗaya ta buɗe jardan nata a Ƙonni, har tana ɗaukar malamai. Wata ta koma wajen yaran da ba sa ji, ta koyi maganar hannu, yanzu iyaye daga nesa suke nemanta. Wadda ta ja mini mayafi kuwa, bara ta kira ni tana tambayar yadda za ta yi ta dawo ɓangarenmu, ta ce ta gaji da karɓar yaran da suka kai aji uku ba su iya riƙe alƙalami ba.

Ni har yanzu ina da ajina, amma lokacin hutu akan kira ni in taya horar da sababbin malamai. A horon da muka yi kwanan baya a Bambeye, mata ne cike da ɗakin sai namiji ɗaya, magidanci mai ƴaƴa uku, wanda ke riƙe da ajin ƙanana a wani ƙauye wajen Tebaram. A rana ta uku da aka fita cin abinci ya tsaya ya jira ni a bakin ƙofa.

"Madam, ina da tambaya. Abokaina inna suke kirana, don ina aikin mata. Ni wannan bai dame ni ba. Abin da nake son sani, da BEPC kawai gare ni. Akwai gaba ga irina, ko nan zan tsaya?"

Na ce akwai. Na gaya masa akwai jarrabawar ƙarin matsayi da malami ke yi yana bakin aikinsa, kuma ba abin da zai hana shi zama jarrabawar bak daga waje, na san waɗanda suka yi haka da furfura a kansu. Ya ciro takarda ya rubuta duk abin da na faɗa. Sannan ya ce yana da wani abu da yake jin kunyar nunawa a gaban jama'a. Ya buɗe jakarsa ya fito da sikeli da ya haɗa da kara da zare da gwangwanin tumatir biyu. Ya ce yaransa suna zuba tsakuwa a gefe ɗaya, gero a ɗayan, su yi ta musu kan wanda zai rinjaya kafin a saki.

Na juya abin a hannuna, na ga ya fi duk wanda na taɓa gani a littafi sauƙi. Da aka dawo daga cin abinci na ajiye darasin da na shirya, na ce ya fito gaba. Da ya fara bayani sai ya manta da mu, ya durƙusa ƙasa yana nuna yadda yake yi da yara. Kafin la'asar kowace malama ta haɗa nata, aka aika kasuwa neman ƙarin gwangwani.

Na kai takarduna na neman shiga babbar makarantar malamai ta Yamai. Bayan kaka za a yi jarrabawar. Idan na ci, zan bar ajina na ɗan lokaci, kuma wannan ne abin da ban gama shiryawa da shi a zuciyata ba. A yanzu dai littattafan suna cikin jakata, ina duba shafi ɗaya ko biyu lokacin da yara ke cin abincinsu na hantsi, in ba wanda ya zubar da kununsa.